Wuyan Akawu da Hannun Ɗan Alaro

A gidanmu na cikin Birni a ƙasa ake rubutu. Mutum ya shimfiɗa buzu, ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora takarda a gwiwa. In ya gaji ya jingina da bango, in ya ƙara gajiya ya kishingiɗa, rubutun bai san an sake zama ba. Haka mahaifina ya yi har Allah ya karɓi abinsa, haka kuma yayansa, Baffa, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar. Ni ne na farko a zuriyarmu da ya yi rubutu a kan tebur, kuma ban ga alamar zuriyar ta yi hasarar wani abu ba da ta daɗe ba ta fara ba.

Baffa bai so karatun boko ba. An nemi yaro daga gidanmu, ya duba ya ga ni ne mai ƙarancin amfani a gona, ya bayar. Da na gama aka ba ni aikin akawu a wani ofishi na Turawa, sai ya kira ni zaure, ya bar ni a tsugune har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya ce, "Ka je. Amma ranar da na ji ka wuce babba ba ka rusuna ba, ko ka sa babba ya yi maka bauta, ranar ka gama aikin Nasara. Ka dawo nan ka riƙa dafa mini tawada." Baffa ba ya maimaita magana, ba ya kuma mantawa da ita.

Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ina son ɗakin da na kama a Tudun Wada, a gidan wani Bakano mai fataucin goro, ɗakin da in na shiga na saki asabari babu mai aikena. Ina son ƙarar keken rubutu. Ina kuma da burin keken hawa, wanda na riga na saya a zuciyata har na sa masa ƙararrawa.

Teburin da aka ba ni kafinta ya yi shi ne don wani Bature dogo da aka yi wa canjin gari, kujerar kuma ta wani ce daban, gajere, wanda ban taɓa sanin labarinsa ba. Ni aka sa a tsakaninsu in sasanta. In na zauna, teburin yana kusa da ƙirjina, sai na ɗaga kafaɗu sun kusa taɓa kunnuwa kafin hannuna ya kai ga takarda. Tagar tana hagu, saboda haka kaina kullum a karkace yake yana neman haske. A makaranta kuwa an koya mana cewa mai ilimi ba ya jingina, ba ya miƙa, ba ya waiwaye. Na riƙe wannan darasi fiye da yadda na riƙe lissafi.

Abin ya fara da ɗan nauyi a kafaɗar dama, irin wanda mutum kan ce makwanci ne. Daga nan ya hau wuya. Kafin damina ta tsaya sosai wuyana ya ƙage sarai, ba dama, ba hagu, ba ƙasa. Sama kawai ya rage mini, inda ba ni da wata hulɗa.

Sai an san Tudun Wada ta lokacin za a gane girman masifar. Unguwa ce sabuwa, kowa baƙo: Kanawa, Katsinawa, Nufawa, leburorin jirgin ƙasa, 'yan koli, da irinmu 'yan Birni da aiki ya fito da mu. A Birni in ka yi kuskure akan ce ai ɗan gidan wane ne, a yi maka uzuri saboda kakanka. A Tudun Wada ba wanda ya san kakan wani, gaisuwarka ita ce asalinka. Hanyata ta zuwa ofis kuma ta gaban wata ceɗiya take bi, inda dattawan unguwa ke zama tun hantsi, ba su da aikin da ya wuce auna ladabin masu wucewa.

Takalmi ina cirewa. Durƙusawa ina yi, gwiwata lafiyarta lau. Amma in na durƙusa kaina yana nan a miƙe, idona cikin idon dattijo, kamar na zo bin ba'asi. Wanda ya kira ni ta gefe kuwa sai in juya gaba ɗaya, ƙafa da ƙirji da komai, yadda takarkari ke juyawa da kaya, in kuwa ina sauri sai in amsa ina kallon gabas alhali mai gaisuwar yana arewa. Ko a masallaci, in an zo sallama, wanda ke damata sai ya ɗan matsa don ya san da kafaɗa zan zo.

Na yi bayani. Na ce musu ciwo ne.

Wani dattijo mai carbi ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Me ka ɗauka?"

Na ce, "Ban ɗauki komai ba, Baba. Zama ne."

"Zama a rana?"

"A inuwa."

"A ƙasa?"

"A kujera."

Suka dubi juna. Na kusa da shi ya ce, a hankali, don in ji, "Allah ya ɗora mana irin wannan ciwo."

Baturen ofishinmu kaɗai ya yaba. Ya tsaya a bayana wata rana, ya kira sauran akawuna, ya nuna musu ni, ya ce ga yadda ake zama, kamar soja. Na so in sunkuyar da kai don kunya, abin bai yiwu ba, shi kuma ya ƙara yabawa.

Tsakanin Tudun Wada da Birni ba nisa, magana kuwa ba ta tsayawa gaisawa da masu tsaron ƙofa. Maigidana, wato mai goron, ya dawo daga kasuwar Birni wata rana da la'asar, ya zauna a bakin ɗakina, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, abin da bai saba ba.

Ya ce, "Malam ƙarami, na haɗu da baffanka."

Na ce, "Yana lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya ce in gaya maka bayan Juma'a zai zo ya ga wuyan nan da ake faɗi. Ya ce gani ya kori ji." Ya tauna goronsa. "Ya kuma tambaye ni ko kayanka suna da yawa."

Na fara da wanzami, kamar kowa. Ya aske mini ƙeya, ya kafa ƙaho, ya zuƙe abin da ya zuƙe, ya nuna mini jinin ya ce dubi baƙinsa, ai wannan shi ne ciwon. Na tashi da tabo a jere da jiri, wuya kuwa yana nan inda na bar shi. Sai maigidana ya ce akwai mutum ɗaya, amma sai an yi a ɓoye.

Mutumin tsohon ɗan alaro ne, irin masu dakon kaya a ka daga gari zuwa gari tun kafin jirgin ƙasa ya zo ya karɓe musu sana'a. Ya yi Lakwaja, ya yi Zungeru, ya yi Kano, da jirgi ya iso ya ajiye gammo a wata bukka wajen Tudun Jukun yana tufkar igiya. 'Yan alaro in sun sauka zango sukan tausa wa juna wuya da kafaɗa, in ba haka ba gobe ba mai tashi. Shi a ayarinsu hannunsa aka fi so.

Dalilin ɓoyewar kuwa kowane Bahaushe ya san shi. Tausa hawa take yi, ba ta gangarowa. Ɗa ya tausa wa uba, ɗalibi ya tausa wa malaminsa, jika ya taka wa kakarsa baya. Saurayin da gemunsa bai gama fitowa ba ya kwanta mai furfura ya durƙusa a kansa, wannan ko a gidan sarauta sai an yi magana. Wato maganin ciwon da ya sa ake zargina da girman kai shi ne babbar shaidar girman kan. Amma ba ni da zaɓi. Aka shirya zai riƙa zuwa bayan la'asar, ya shigo kamar mai tallan igiya, a saki asabari.

Ya zo, gajere, mai faɗi, wuyansa da kansa kaurinsu ɗaya. Ya ajiye igiyoyinsa da ɗan kasko na man kaɗanya, ya ce in tuɓe riga. Ya zagaya ni yana dubawa yadda ake duba jaki a kasuwa.

Ya ce, "Malam akawu, wane kaya kake ɗauka?"

Na miƙa masa alƙalamina. Ya ɗora shi a tafin hannu, ya ɗaga, ya sauke, ya mayar ɗaya hannun.

"Guda nawa a ɗauri?"

"Shi ke nan, Baba. Ɗaya."

"Zuwa ina?"

"Ba zuwa ko'ina. Daga wannan gefen takarda zuwa wancan."

Ya mayar mini da shi da ladabi, kamar wanda yaro ya yi wa ƙarya ya ga bai kamata ya ƙure shi ba. Ya ce in kwanta rub da ciki.

Na karanta a makaranta cewa jikin mutum yana da jijiyoyi da tsoka iri-iri, har na zana su a allo na ci lada. Ranar na san su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta gabatar da kanta. Hannunsa kamar ɓawon kuka. Ya ɗumama man a tafinsa, ya fara daga tsakiyar baya yana murzawa da gindin hannu, yana hawa a hankali, har ya iso ƙarƙashin allon kafaɗa, ya tsaya. Ya sa babban yatsa ya danna wani wuri da ban san ina da shi ba. Na ciji tabarma.

Ya ce, "Yawwa. Wannan ƙullin na gishiri ne. Gishirin mangul, wanda aka ɗaure shi a karkace."

Na ce cikin tabarma, "Ban taɓa ɗaukar gishiri ba."

"To." Ya matsa sama. "Wannan kuwa garwar kananzir ce. Rabin garwa, mai kai da komowa, ita ta fi cikakkiya mugunta." Ya kama naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya matse kamar mai tatsar nono. "Wannan irinsa sau ɗaya na taɓa gani, a wuyan wani Bagwari da ya ɗauko bahon wankan Bature daga Zungeru. Malam akawu, ba ruwana da sirrinka. Kowa da inda yake neman na tuwo. Amma in za ka ɗauka, ka riƙa sa gammo."

Har muka rabu a duniya bai yarda cewa ba dako nake yi a ɓoye ba. Da na matsa masa da bayanin tebur da kujera, sai ya ce to in ma haka ne, in riƙa sa gammon a ofis, ba ya cutarwa. Washegari ya kawo mini ɗaya, sabo, ya naɗa shi da hannunsa.

Iliminsa na cuta bai taka kara ya karya ba, amma hannun ya san aikinsa. Bayan zuwan farko na iya waiwayen dama kaɗan. Bayan na gaba hagu ta buɗe. Yakan tallabi kaina da hannu biyu kamar ƙwaryar nono cike, ya ce in saki, in bar masa nauyin, ya juya shi sannu sannu yana ba ni labarin wani madugu mai rowa. Sunkuyawa ce kawai ta ƙi. Ita ce kuwa Baffa zai zo gani.

Lissafin da ban yi ba shi ne na Alhamis. Baffa malamin zaure ne, ran Alhamis ba a karatu, kuma ya daɗe da sanin cewa wanda ya ce zai zo Asabar ya zo Asabar, shara kawai zai gani da sabuwar tabarma.

Ina kwance, ido a rufe, jiki ya yi laushi, na manta da duniya. Tsoho yana durƙushe a wajen kaina, furfurarsa na ɗigar gumi. Ni kuma ina cewa, da muryar wanda ya saba, "Ƙasa kaɗan, Baba. A'a, ka wuce. Koma. Yawwa, nan. Danna sosai, yau hannunka ba ƙarfi."

Sai na ji sallama, a cikin ɗakin, ba daga waje ba.

Ban san yadda na tashi ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe, ba riga, ina ƙyallin mai, wani abu ya yi ƙas a ƙeyata, kaina ya tafi ƙasa har haɓata ta taɓa ƙirji. Rabona da ganin cibiyata tun kafin shuka.

Baffa ya daɗe yana dubana. Maigidana yana bayansa, yana kallon rufin ɗaki kamar yau ya fara ganinsa.

Baffa ya ce, "Ashe yana sunkuyawa. Zaɓe yake yi."

Ya juya ga tsoho, ya rusuna masa, shi da ko alƙali sai ya ga dama. Ya ce, "Dattijo, ka yafe mana. Laifina ne, ni na ba da shi. Ba haka aka haife shi ba." Sannan ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "Naɗe tabarmarka."

Duk bayanin da zan yi na riga na yi shi a gindin ceɗiya, na ga inda ya kai ni. Na fara naɗe tabarma, keken hawana yana tafiya a zuciyata da ƙararrawarsa.

Tsoho ya goge hannu a zanensa ya ce, "Allah gafarta Malam, ban gama ɓangaren hagu ba."

"Ka gama, dattijo."

"In aka bar shi haka zai karkace. Kawo hannunka." Kafin Baffa ya yi wata magana ya kama hannunsa, hannun da ɗalibai ke sumbata, ya ja shi ya ɗora a kafaɗata, ya danna yatsan Baffa a kan ƙullin kananzir. Na yi ƙara, ta gaskiya. "Ka ji? Wannan ba a yinsa da gangan. Yaron nan yana ɗaukar kaya, Malam. Ya ƙi faɗa mini ko na mene ne, kunya yake ji, amma kaya ne mai nauyi, kuma ba gammo."

Baffa ya danna da kansa, ya sake dannawa, ina jin har da ƙari na horo. Ya saki. Ya nemi wuri ya zauna a bakin gado, ya gyara rawani, na gane an shiga shari'a.

Ya ce, ciwo ya tabbata, tunda hannu ya shaida. Neman magani kuma halal ne, babu saɓani. Saboda haka maganar dattawan ceɗiya ta faɗi. Na fara numfashi. Ya ce amma abin da kunnensa ya ji bai faɗi ba. Yaro ya kwanta, ya ce wa sa'an ubansa koma, danna, hannunka ba ƙarfi. Wannan ba wuya ba ne ya faɗe shi, baki ne.

Ya tambayi tsoho, "Kai wa ke tausa maka?"

Tsoho ya yi dariya. Ya ce tun da ayarinsu ya watse ba wanda ya taɓa bayansa sai ƙudan zuma. 'Ya'yansa biyu suna can ƙasar Kano, in suna da rai.

Sai Baffa ya yanke hukunci. Zan ci gaba da aikin Nasara. Dattijo zai ci gaba da zuwa har wuyan ya warke. Amma duk ranar da zai taɓa ni, ni zan fara tausa masa, daga wuya har tafin ƙafa, sai ya ce ya isa da bakinsa. Kuma ba a ɗaki ba, a zaure, asabari a ɗage, inda mai wucewa zai gani. Maigidana shi ne shaida. Ranar da aka tsallake, in naɗe tabarma.

Baffa ya ce, "A fara yanzu, in gani."

Aka kai tabarma zaure. Tsoho ya tuɓe, ya kwanta, ya yi wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba. Na durƙusa na sa hannu. Da na taɓa saiwar tsamiya da na ji ta fi laushi. Na danna da yatsa, yatsan ya lanƙwashe. Na sa gindin hannu, na sa gwiwar hannu, na hau da nauyina duka, gumi yana zuba.

Tsoho ya ce, "Ka fara, Malam akawu?"

Baffa ya ce, "Da ƙarfi. Ba wasiƙa kake rubutawa ba."

Mutane suka fara tsayawa a ƙofa. Kafin magariba labari ya kai ceɗiya cewa akawun nan mai wuya yana zaure yana matsa wa tsohon mai igiya ƙafa, baffansa na zaune. Washegari da na zo wucewa na durƙusa, kaina ya sauka rabi, dattijon mai carbi ya ce Allah ya yi mini albarka, ya kuma ƙara da cewa shi ma ƙafarsa ta hagu tana damunsa in an yi ruwa. Na yi kamar ban ji ba, Allah ya sa kunne ba ya cikin sharaɗin Baffa.

Haka na tsira da aikina. Na yi shekaru a ofishin nan, kuma tsoho bai fasa zuwa ba, don Baffa ya ce har wuyan ya warke, tsohon kuma duk lokacin da aka tambaye shi sai ya ce da saura. Hannuna ya yi ƙarfi, na koyi inda ƙullin gishiri yake da inda na baho yake, har ya fara cewa da an same ni da wuri da an yi ɗan alaro.

Matsala ɗaya ce hukuncin bai hango ba. Da hannuna ya faɗa, sai ya zamana kafin in kai ga ƙafa tsoho ya yi barci, barci mai nauyi, da minshari, a tsakiyar zauren mutane. Bai ce ya isa ba, balle a zo kaina. Na kai ƙara wurin maigidana, a matsayinsa na shaida, na ce yau kusan mako ba a taɓa wuyana ba. Ya leƙa ya dubi tsoho, ya dube ni, ya rage murya don kada ya tashe shi.

Ya ce, "To Malam ƙarami, kai za ka tashi babba daga barci?"